Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Bayan Gida: Abin da Muka Gani, Abin da Muka Koya



  Muna godiya ga shugabanni da suka ba mu wannan ɗan lokaci, domin mun san akwai manyan batutuwa a gaban wannan taro, na kasuwa da na makaranta da na zamanmu da masu masaukinmu. Duk da haka aka ce mu ma mu tashi mu yi bayani a kan abin da ake ganinmu muna yi da sassafe, wato ɗaukar hoton tsuntsaye.

Mun ga wasu sun fara murmushi tun ba mu ce komai ba. Ba laifi, ai mun saba. An ce mun rasa aikin yi, an ce ƙuruciya ce ta dawo mana. To, mu dai ba ƙwararru ba ne, kuma ba da hoto muke cin abinci ba. A cikinmu akwai mai sayar da goro, akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai ɗan canji. Sha'awa ce ta haɗa mu, kuma ga yadda abin ya faro.

Wata rana da safe wani daga cikinmu yana zaune a tsakar gida da ɗansa, sai ga wani tsuntsu ya fito daga ƙarƙashin darni yana tafiya a hankali, kansa baƙi, fukafukansa ja, idonsa jawur. Uban ya ce wa yaron, “Ka san wannan?” Yaro ya ce, “Baba, ai elulu ne.” Da Yarbanci yaron ya yi daidai. Uban ya ce, “To da Hausa fa?” Yaro ya yi shiru. Ragon maza ne fa, wanda duk yaron da ya tashi a ƙauye a Arewa ya san shi tun kafin ya iya ɗaura wando. Da labarin ya zo mana sai muka tara yaran gidajenmu, muka ce kowa ya kawo sunan tsuntsu da Hausa. Aka ce kaza, aka ce zabo, aka ce agwagwa, aka ce tattabara. Daga nan sai kallon-kallo.

Ba mu ga laifin yaran ba. A nan aka haife su, a nan suka tashi, kuma sanin Yarbanci riba ce a gare su. Laifin namu ne, don ba mu taɓa nuna musu ba. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to yaron da ba a koya masa kukan gidansu ba, na wane gida zai yi? Sai muka ce bari mu riƙa ɗaukar hoton duk tsuntsun da ya shigo gida, mu rubuta sunansa a ƙasa, mu nuna wa yara. Gani ya kori ji. Mafarin abin ke nan.

Garin da muke zaune

Jama'a, da muka shiga wannan harka muka gane ashe muna zaune a kan arziki ba mu sani ba. Masana sun lissafa irin tsuntsaye sama da 900 a Nijeriya, kuma Ibadan tana tsakanin kurmi da fili, saboda haka tsuntsun kurmi yana zuwa mana, na dajin Arewa ma yana zuwa.

An kafa Sabo a 1916, yau fiye da shekara 100 ke nan. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da akwai manyan itatuwa da fadama a wuraren da yanzu ba ka ganin komai sai kwano da siminti. Amma har yau tsuntsaye ba su ƙaurace mana gaba ɗaya ba. Muna kusa da lambun Agodi, ga tafkin Eleyele, ga lambun itatuwa na Jami'ar Ibadan, ga kurmin da ke cikin harabar IITA, wato cibiyar binciken aikin gona da aka kafa a 1967 a kan hanyar Oyo. Daga waɗannan wurare tsuntsaye suke leƙowa cikin unguwanni.

Akwai ma wani tsuntsu da yake ɗauke da sunan garin nan. Wani Bature malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Ibadan, John Elgood, shi ne ya fara bayyana shi ga masana a 1958, kuma a littattafai ana kiransa Ibadan malimbe. Dangin masu saƙa sheƙa ne. Namijin baƙi ne, kansa da wuyansa da ƙirjinsa ja. Duk duniya ba a samunsa sai a kudu maso yammacin Nijeriya, kuma yana cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu saboda saran kurmi. Mutane suna biyan kuɗin jirgi daga Turai don su gan shi, mu kuwa da kuɗin acaɓa za mu isa inda ake nemansa. Shi dai wannan Elgood ya wallafa wani ɗan littafi a 1960 a kan tsuntsayen gari da na lambu a Afirka ta Yamma. Kun ga ke nan abin da muke yi a bayan gida an daɗe da ɗaukarsa a matsayin ilmi.

Baƙin da ke shigo mana

Bari mu faɗa muku waɗanda za ku fara gani in kun sa ido.

Ta farko ita ce kurciya, wadda Yarbawa ke kira adaba. Ita ce malamar duk mai koyo, domin tana da natsuwa, tana sauka ƙasa ta yi kiwo, kuma ba ta cika tsoron mutum ba. Wanda ya iya ɗaukar kurciya da kyau ya kama hanya. Sai gwara, mai bin inda aka sheƙe hatsi. Sai wani mai ruwan ƙasa da duhun kai, wanda littattafai ke kira bulbul, yana cikin masu fara kuka da asuba, kuma in akwai gwanda nunanna a gida shi zai riga mai gida sani.

Sai marai, wanda Yarbawa ke kira ega, mai ruwan ɗorawa. Namijin ne ke saƙa sheƙa da zaren ganyen kwakwa ko na ciyawa, in ya gama sai ya rataye a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai yana kiran mace. Ita kuma ta zo ta shiga ta duba. In ginin bai yi mata ba ta yi tafiyarta, shi kuwa daga baya ya warware ya sake sabo. Iyayenmu mata, mun ji kuna dariya. To haka abin yake, ba mu ƙara gishiri ba.

Sai sha-kauci, ɗan ƙarami mai dogon baki lanƙwasasshe, mai shan zaƙin fure. Namijin yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, kuma launinsa yana sauyawa gwargwadon yadda rana ta buge shi. Shi ya fi ba mu wahala, don ba ya zama wuri ɗaya. Sai zalaidu, wanda namijinsa ke fitar da doguwar jela da damina, in rani ya yi ta zube ya koma kamar macen. Macen zalaidu ba ta yin sheƙa, a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye take zuba ƙwanta su rena mata. Sai cilakowa mai babban baki. Ita in za ta yi kwanci sai ta shiga kogon itace a toshe ƙofar, a bar 'yar tsaga wadda namijin zai riƙa miƙo mata abinci.

A sama kuma ga hankaka, kanakana a wajen Yarbawa, ga shirwa, ga balbela wadda suke kira lekeleke, ga tsattsewa. Da dare ga mujiya. Duk waɗannan mun ɗauke su ba tare da mun bar unguwa ba.

Su ma 'yan cin rani ne

Wani abu da ya ƙara mana son wannan harka shi ne, mun gane da yawa daga cikin tsuntsayen nan irin rayuwarmu suke yi. Ku lura da shirwa. Da tsakiyar damina da wuya ka gan ta a sararin Ibadan. In ruwa ya fara ɗaukewa, wajen watan Oktoba, sai ga ta ta cika gari, ta yi rani a nan, in damina ta kankama ta bi ruwa ta yi Arewa. Balbela da cilakowa ma sun fi yawa a nan da rani. Shamuwa kuwa, wadda manomi a gida yake jira ya gani don ya san shuka ta kusa, ta Kudu take bi ta isa can.

Akwai kuma masu zuwa daga Turai, kamar wata irin tsattsewa mai jan maƙogwaro. Suna gudun sanyin can, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su iso mana wajen Satumba da Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu. Tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, yana tafiyar dubban kilomita babu mota babu guzuri. In ka ga irin wannan baƙo a kan igiyar shanya, kai da ka san zafin tafiya, ai ka ba shi ruwa.

Kayan aiki

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, nawa ake kashewa? Amsa ita ce, ka fara da abin da ke hannunka. Dattawan cikinmu sun tuna zamanin fim, lokacin da ake sayen mai hoto 36, a ɗauka ana lissafi, a kai wanki, a jira kwanaki, sannan a tarar rabin hotunan reshe ne kawai, tsuntsu ya tashi. Yanzu kuwa ka ɗauki 200 ka goge 190, ba ka yi asarar ko kwabo ba.

Wayar hannu tana yi, muddin tsuntsun yana kusa, kamar taku uku ko huɗu. Abin da za ka kiyaye shi ne yawan jawo hoto da yatsa, domin a yawancin wayoyi hakan yana farfasa hoton ne kawai. In kana da madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42, kana iya ɗora idon wayar a kan idonsa ka ɗauka ta ciki. Yana son saitin hannu, amma in aka saba ana samun abin mamaki.

Wanda ya sami hali, akwai kyamarori masu gilashi a jiki da ke jawo abu daga nesa, kamar Nikon Coolpix P900 mai jawowa ninki 83, ko Canon PowerShot SX70 mai ninki 65. Mai kyamarar da ake sauya wa gilashi kuma ya nemi gilashi mai tsawon milimita 300 ko fiye. Yawancin namu tokumbo ne. In za ka sayi tokumbo, ka ɗaga gilashin ka haska shi da tocila. In ka ga wani abu a ciki kamar saƙar gizo, ka ajiye musu kayansu, fumfuna ce.

Wannan fumfuna ta taɓa cin ɗaya daga cikinmu. Ya nannaɗe kyamararsa a cikin tsumma, ya sa a ƙasan akwati tun farkon damina, wai yana adana ta. Da ya buɗe bayan wata uku, gilashi ya yi fari fat. Laimar Kudu ba irin ta gida ba ce. Maganin abin shi ne roba mai murfi da ke rufuwa gam, a zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma a riƙa fito da kyamarar ana aiki da ita. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka goge gilashi da bakin riga, yashi zai karce shi. Ka fara kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, sannan ka shafa da ƙyalle mai taushi.

Dabarun ɗauka

Dabara ta farko, kada ka bi tsuntsu, ka sa shi ya zo. Wanda ya bi tsuntsu da kyamara jela kawai zai riƙa samu. Abin da ya fi jawo su shi ne ruwa, musamman da rani. Ka sami kasko ko faranti mai faɗi, ka zuba ruwa kaɗan, zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa, ka sa dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. Ka ɗora shi a kan wani abu mai ɗan tsayi, kusa da itace ko darni inda za su gudu in shirwa ta kawo farmaki, amma ba inda kyanwa za ta laɓe ba. Ka riƙa zubar da ruwan kana wanke kaskon kullum, domin sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako guda zuwa kwana 10. Kada garin neman hoto ka jawo wa iyali zazzaɓi.

In za ka ƙara da abinci, ɗan gero ko tsaki ya isa, da ɓarin gwanda ko ayaba. Ban da abinci mai gishiri ko mai, ban da wanda ya lalace. Ka zuba daidai wanda za su cinye kafin rana ta yi, in ba haka ba ɓera ka gayyato.

Ta biyu, ka kafa musu wurin sauka. Ka samo busasshen reshe mai kyaun gani, ka ɗaure shi kusa da kaskon, ya ɗan fi shi tsayi. Tsuntsu yakan fara sauka a kan reshe ya duba hagu da dama kafin ya sha ruwa. Wannan ɗan tsayawar ita ce damarka. Ka duba abin da ke bayan reshen kuma. In shanya ce ko bokiti ko tsatsar kwano, duk za su fito a hoto. Ganye mai ɗan nisa ya fi, domin zai narke ya zama kore, tsuntsu ya fito sarai.

Ta uku, ka ɓuya. Cikin ɗaki a bayan labule ya fi ko'ina, ka buɗe taga ka bar 'yar kafa. In a waje ne, ka kafa zana ko ka rataya tsohon buhu, ka huda wurin gilashi. Farar riga tana korarsu, motsi da sauri ya fi korarsu. Kwana biyu ko uku na farko wataƙila ba wanda zai zo. Kada ka karaya, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ta huɗu, haske. A nan rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00, kuma daga fitowarta zuwa ƙarfe 9:00 shi ne lokacin da tsuntsaye suka fi kai-kawo, hasken kuma yana da laushi. Sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa tana yin baƙi ƙirin, launi ya ƙone. Ka tsaya rana tana bayanka. In tana gabanka, baƙin abu kawai za ka samu mai siffar tsuntsu.

Ta biyar, saurin ƙiftawar kyamara. Tsuntsu ko a zaune yake kansa ba ya daina motsi. Ga wanda ke zaune ka sa 1/500 na sakan, ga mai wanka ko mai tashi 1/1000 zuwa 1/2000. In haske bai isa ba ka ɗaga lambar ISO zuwa 800 ko 1600. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya yi dishi-dishi. In ba ka da sanda mai ƙafa uku, ka cika tsohuwar safa da yashi ko shinkafa, ka ɗora a bakin taga, ka kwantar da kyamarar a kai.

Ta shida, ka saita a kan ido. In idon tsuntsu ya fito tar, har da ɗan ƙyallin rana a ciki, hoton ya yi ko da jela ta ɗan dushe. In ido ya dushe, hoton ya mutu. Ka yi ƙoƙari kuma kyamara ta zama daidai da tsayin tsuntsun. In a ƙasa yake kiwo, ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. Girma ba ya zubewa don an kwanta a tabarma.

Ladabin mai kyamara

Iyayenmu, a nan muke so a saurare mu da kyau, domin a nan matsala take. Gidajenmu a manne suke da juna, katanga ɗaya ta raba gida biyu, kuma a bayan kowace katanga akwai iyalin wani.

Abin ya taɓa faruwa da mu. Ɗaya daga cikinmu ya hangi tsuntsu a kan katanga, ya ɗaga kyamara mai dogon gilashi, bai yi tunanin abin da ke bayan katangar ba. Maƙwabci ya fito ya gan shi, ya ɗauka iyalinsa ake ɗauka. Kafin a ce kwabo jama'a sun taru, magana ta kai gaban mai unguwa. Da aka buɗe kyamara aka duba ɗaya bayan ɗaya, ba komai sai kurciya, aka yi dariya aka watse. Amma mu ba mu ɗauke shi abin dariya ba, domin maƙwabcin nan yana da gaskiya. Da a ce wata baiwar Allah ta gilma a lokacin, da wane baki za mu yi bayani? Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka. Kyamara ba ta kallon gidan wani. Ba a hawa bene ko tanki da ita sai an sanar da maƙwabta. Mai zaman haya ya fara gaya wa mai gida. Kuma duk inda ke da bariki, ko ofishin 'yan sanda, ko banki, a mayar da ita jaka, ko da wane irin tsuntsu aka gani. Mu baƙi ne a garin mutane duk da daɗewarmu, kuma kuskuren mutum ɗaya sunan Hausawa gaba ɗaya yake ɓatawa.

Tsuntsun ma yana da nasa haƙƙi. Kada a taɓa sheƙa, kada a sare ganyen da ya rufe ta don hoto ya fito, domin ganyen nan shi ke ɓoye 'ya'yan daga hankaka da zafin rana. In ka ga uwa tana zagayawa da abinci a baki ta ƙi shiga, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Kada a kama tsuntsu a ɗaure masa ƙafa don a ɗauke shi.

Masu kaji kuma su kula. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma ta sake dawowa a shekarun baya. Saboda haka kaskon tsuntsayen daji daban, na kaji daban, nesa da juna. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. In aka ga mataccen tsuntsu kada yara su ɗauka, in kuwa suna mutuwa da yawa a sanar da likitan dabbobi.

Ina ungulu?

Akwai hoton da muka daɗe muna nema ba mu samu ba. Muna tambayar mahautan da ke wurin nan, yaushe rabonku da ganin ungulu a mayanka? A da korarta ake yi, tana kan kowane rufi. Yau yaro ya kai shekara 15 a garin nan bai taɓa ganin ta ba. Kana ce masa ungulu ba ta jewar banza, yana kallonka bai san me kake nufi ba.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu tamu ta gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, da kuma cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin magani. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka in aka kashe goma ba a mayar da su da wuri. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikin masu kawo wannan haja daga Arewa zuwa kasuwannin Kudu har da namu. Ita ce fa mai kwashe mushe kyauta. In babu ita, mushe ya kwana yana ruɓewa, karnuka da ƙudaje su gaje ta. Haka aku, saboda yawan kamu, a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ke da ɗan'uwa a wannan sana'a ya ja kunnensa.

Roƙonmu

Hoto ba tare da rubutu ba rabin aiki ne. Kowannenmu yana da ɗan littafi, yana rubuta rana da wata da shekara, da wuri, da lokaci, da abin da tsuntsun ke yi, da sunansa da Hausa da Yarbanci da Turanci. Sunan Turanci ana samunsa a littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko a manhajar Merlin ta waya. Sunan Hausa kuwa a bakin dattawa yake, kuma in ba mu karɓa yanzu ba, da su zai tafi.

Wannan rubutu yana da amfani har a wajen unguwa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara wani shiri a ƙarshen 2015 na zana taswirar inda kowane tsuntsu yake a Nijeriya, kuma mutane irinmu ne suke aika abin da suka gani ta waya. Tela da mai goro ma suna da abin da za su ba masana.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, iyayenmu dattawa da iyayenmu mata, in mun zo da hoto muna tambayar suna, ku ba mu lokaci, ku haɗa mana da karin magana ko tatsuniyar da ke tare da shi. Bakano da Basakkwace da Bazazzagi wani lokaci suna da suna daban-daban ga tsuntsu ɗaya, duka muna so. Na biyu, ƙungiya ta ba mu bango ɗaya a makarantarmu mu liƙa hotunan da sunayensu. Na uku, duk mai itace a gida, mangwaro ne ko darbejiya ko gwaba, ya yi tunani sau biyu kafin ya sare don ƙara shago. Mai ɗan fili kuma ya dasa ko da gwanda ce ko zogale. Na huɗu, yaron da kuka gani da danƙo kada ku tsaya a duka, ku turo mana shi. Mun gwada mun gani, yaron da ya iya laɓe da danƙo ya fi kowa iya laɓe da kyamara, kuma wanda ya zauna awa guda yana jiran sha-kauci ya sauka, da wuya ya sake ɗaga dutse ya jefe shi.

Shi yaron nan da ya ce elulu, yanzu shi ke riƙe mana littafin sunaye, kuma kwanan baya shi ya gyara wa babansa, ya ce wannan ba kurciya ba ce, hasbiya ce.

Duk mai sha'awa ya same mu ranar Asabar da safe bayan an karya kumallo. Ba a biyan ko sisi, mutum ya zo da wayarsa da haƙurinsa.